Maƙoƙon Gidanmu

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama jiha, ni ba jihar ce ta dame ni ba. Ina zaune bakin titin Jega da faifan daddawa da buhun gishiri, ina kallon manyan motoci suna wucewa da tebura da kujeru da akwatunan ƙarfe, an ɗaure su da igiya kamar kayan amarya, za a kai su Birnin Kabi. Ma'aikata na bisa kaya, kowa fuska a murtuke don an raba shi da gidansa. Mu kuwa 'yan kasuwa sai murna muke, wai arziki ya zo. Abin da ya iso gare ni daga cikin arzikin nan guda ne: aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren unguwarmu, bayan la'asar. Na shiga ina da 'ya'ya huɗu. Maigidana ya ce, "Ke da bakinki ya ishe ki, mi za ki yi da biro?" Na ce, "In rubuta abin da kac ce, don gobe kada ka musa."

Kafin in kai ga abin da ya faru, sai na faɗi yadda wuyan matan gidanmu yake. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Maiyama, can wajen Sarandosa. Mahaifiyata, Inna, tana da maƙoƙo, kumburin nan na gaban wuya, nata ya kai ƙaramin gora. In za ta kwanta sai ta tokare kai, numfashinta na fita da 'yar ƙara kamar ana busa kara. Ƙanwarta na da shi. Kakata da shi aka binne ta. Ni ya tsallake ni, ban san dalili ba. Ba mu taɓa kiran sa ciwo ba. Gado ne, kamar wushirya ko dogon hanci. In yarinya ta taso da shi sai a ce ta ɗauko gida.

Muna cikin shekara ta biyu a aji, na fara haɗa baƙi ina karanta rubutun jikin motoci da ƙarfi har direbobi na dariya, sai Malama ta ce gobe kowace ta zo da gishirin gidanta. Muka zo da ƙulle-ƙulle. Ta shigo da wani duba-gari, siriri, mai sanyin magana, da aka turo daga sabuwar ma'aikatar lafiya. Yana riƙe da 'yar kwalba kamar ta maganin ido. Ya jera gishirinmu bisa tebur, ya bi yana ɗiga wa kowane. Wani sai ya rine nan take kamar an taɓa shi da shuni. Wani ya tsaya fari. Nawa fari ya tsaya.

Ya ce akwai wani sinadari, aidin, da jiki ke bukatar ɗan mitsitsi daga gare shi, wanda bai kai ƙurar da ke kan allura ba. Ƙasar wasu wurare ba ta da shi, don haka hatsinsu ba shi da shi, ruwansu ma haka, har dabbobinsu. In jiki ya rasa, sai wuya ya kumbura garin nema. Ya ce yanzu gwamnatin ƙasa ta tilasta wa masu sarrafa gishiri su fesa masa wannan abu kafin ya fito kasuwa, kuma shi ne ke rinewa in an ɗiga.

Na miƙe. Malama ta ce, "Zauna mana." Ban zauna ba.

Na ce, "Malam, kana nuhin uwata ba ta da lahiya? Matar da ke surhe tun asuba, ta yi noma, ta ɗauko itace?"

Ya ce, "Hajiya, wanda ya daɗe ya girma ba lalle ya koma ba. Na yara ne ake iya tarewa."

Na ce, "Ban je Makka ba, kada ka saye ni da Hajiya." Mata suka fashe da dariya. Na ɗauki ƙullina na fita. Na yi kwanaki ina jin haushinsa, ban san ko don me ba.

Ɗiyata ta fari tana wurin Inna tun yaye. Haka ake yi, kaka ta ɗauka ta riƙe, kuma ba aro ba ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Yaya take ce mini. Ni da duk kasuwar Jega ta san bakina, a gaban yarinyar nan bebiya ce.

Da ƙaramar salla na je gaida Inna. Yarinyar ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, na sha na miƙa mata moɗa ba tare da na dube ta ba. Ta koma bakin randa ta ɗaga kai tana shan nata. Ta wutsiyar ido na ga wani abu ya hau ya sauka ƙarƙashin fatar wuyanta, kamar ƙwan tantabara.

Inna ta ga inda idona ya tafi. Ta yi murmushi ta ce, "Kin gani ko? Ƙawata ta ɗauko gida."



Na dawo Jega na yanke hulɗa da mai kawo mini tsohon gishiri. Na koma sarin mai alamar aidin a jikin buhu, kuma sai na karanta da idona, baƙi bayan baƙi, dillali na tsaye yana tsaki. Na zaɓi mai tsakuwa-tsakuwa, don mutanen ƙauye ba su yarda da mai laushi, suna cewa ba shi da ƙarfi. Duk ranar kasuwa in mutanen garinmu sun zo, sai na ba su ƙunshi su kai wa Inna. Da kaina na je na ce mata, "Inna, wanga gishiri kaɗai za ki riƙa sa wa miya." Ta ce, "Na ji." Inna ba ta ƙarya. In ta ce ta ji, ta ji.

Sai ƙasa ta rikice. An yi zaɓe, mun tsaya cikin rana, aka ce an soke. Rediyo kullum na faɗin yajin aiki a kudu. Masu shagunan kayan mota da muka saba da su suka kulle suka tafi garuruwansu da iyalansu, wasu ko sallama babu. Mai ya ɓace. Motoci suka yi layi a gidan mai har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Maza na zaune gindin itacen bedi suna gardamar wa zai hau, wa zai sauka, ni kuwa abin da nake tambayar kowane direba shi ne, motar gishiri ta taso daga Ikko? Da na ji an sauke wasu buhuna a Aliero, ban tsaya shawara ba, na hau kabu-kabu na je na kwaso biyu na tura ƙarƙashin gado. Maigida ya ce, "Mutane na ɓoyon hatsi, ke kina ɓoyon gishiri. Yaƙi za ki yi da kwaɗi?" Ba zan iya gaya masa dalili ba. Shi ma ɗiyarsa ta fari ce. Mu biyu muna kwana ɗaki ɗaya da magana ɗaya, ba mai iya furta ta.

Tsakiyar damina na sake zuwa ƙauye. Ƙwan tantabara ya zama ƙwan kaza. Yarinyar ta fara yafa gyale tana naɗe wuya ko a cikin gida. Inna ta ce mini, tana tsinke rama ko ɗaga kai ba ta yi ba, "Na yi ma wanzami magana. In an kai amhwanin gona gida za ya yi mata tsaga, ya sa ƙaho ya jawo mugun jinin. Ba don shi ɓace ba, don kada shi yi saurin girma."

Aska a wuyan yarinya. Na san wadda aka yi wa haka a garinmu tun muna yara, na kuma san yadda aka ƙare.

Daga nan ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In ina kasuwa hankalina na ƙauye, in ina aji Malama sai ta kira ni sau biyu. Na je Aliero wurin kawuna, maɗori ne, cikin masu ɗorin karaya da ake zuwa wurinsu daga nesa. Na kewaya na ce ɗiyar wata maƙwabciya ce. Ya dube ni ya ce, "Maƙwabciyar nan taki, hancinku ɗaya?" Sannan ya ce, "Abin da ba ƙashi ba, ba nawa na ba. In na ce miki ina da magani nai, na ci amanarki." Na fito ta cikin rumbunan albasa, wari na hawa kai, ban ma san hawaye nake ba ko albasa ce.

Ranar kasuwa na hango duba-garin nan yana bin layin masu gishiri da 'yar kwalbarsa. Na bar kayana na tare shi gaban jama'a.

Na ce, "Kai, mai shuni! Gishirinku ƙarya na. Wata da watanni ana ci, wuya sai ƙaruwa shikai. Kun raba jiha kun rasa aikin yi, shi na kuka zaka kuna yi muna wasa da hankali?"

Mutane suka taru. Wata mai sayar da kuka da kuɓewa ta ce, "Yau ɗan boko ya taka wutsiyar damisa." Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wuyan wa?"

Na ce, "Wata yarinya."

Ya ce, "Na buhu dai mun gwada. Kin gwada wanda ke shiga tukunya?"

Ban gwada ba. Ya laluba jakarsa ya ciro wata kwalba da ta kusa ƙarewa, ya sa mini a hannu. Ya ce, "Ki je inda ake dafa mata abinci."

Motar haya babu. Abin da ke tafiya kudu a lokacin sai manyan motocin albasa na Aliero, su ne ke iya sayen man bumburutu. Na roƙi wani direba, na hau bisa buhuna ni da wasu tsofaffi biyu da ke ta gardamar soja da farar hula har muka kai Maiyama. Daga nan na taka da ƙafa. Na isa da hantsi, zanena duk warin albasa.

Ko gaisuwar kirki ban gama ba na wuce madafa. Gishirin Inna na cikin wani ɗan ƙoƙo mai murfi bisa bango, inda yake tun ina yarinya. Fari tas, yana ƙyalli, ya fi wanda na aiko kyau. Na zuba a tafin hannu na ɗiga. Fari. Na ƙara ɗigawa. Fari.

Na fito tsakar gida na ce, "Inna, ina gishirin da nika aiko miki? Wa kika ba?"

Ta ce, "Ke, da wa kike?"

"Da ke nike. Kin ce kin ji."

Inna ta tashi a hankali, ta shiga ɗaki, ta jawo ƙunshina na ƙarshe, an ci rabi. Ta ajiye gabana. Ta ce, "Tun da kinka hwaɗi, ban sa wani ba. Ni za ki tuhuma cikin gidana?" Na ɗebo daga ƙunshin na ɗiga. Ya rine shuɗi har baƙi-baƙi.

Na tsaya da hannu biyu a buɗe, ɗaya fari ɗaya shuɗi, kamar mahaukaciya. Gishiri ɗaya ne. To me ke faruwa tsakanin ƙunshi da ƙoƙo?

Ban daɗe ina tambaya ba. Na zubar da na ƙoƙon garin gwaji, don haka Inna, tana huci, ta ce da yarinyar, "Ƙawata, ɗauko ƙwarya ki wanke muna wani, tun da Yayarki ta zaka da ɓarna." Yarinyar ta ɗebi gishirin a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta juya da sauri da yatsu yadda ake rege gero, ta tsiyaye ruwan a kasko, ta baza gishirin bisa faifai ta kai rana. Sannan ta ɗauki kaskon ta nufi turken awaki. Tun kafin ta isa suka miƙe suna ja da igiya.

Na san wannan aiki. Ni ma da shi na tashi, sai dai zaman birni ya sa na bari har na manta. Gishirin dauri daga Foga yake zuwa bisa jakuna da raƙuma, cikin kaba, da yashi da ƙura da abin da ba a faɗi. Macen da ba ta wanke gishiri ƙazama ce, ana gane miyarta da gurzar haƙori. Inna kuwa a garin nan da tsabta aka san ta, har amare ake turowa su ga yadda take jera ƙore. Abin da duba-gari ya ce ya dawo mini: fesawa ake yi. A bayan gishirin yake, ba a cikinsa ba.

Na bi yarinyar zuwa turke. Gefen kaskon ya yi farin ɓawo na gishirin da ya bushe kwana da kwanaki. Na ɗiga. Shuɗin da ya fito ya fi na ƙunshin.

Sai a lokacin na dubi awakin da kyau. Awakin Inna da na sani kullum cikin ɓari suke, ko su haifi 'ya'ya marasa gashi da ba su kwana. Waɗannan kuwa gashi na sheƙi, 'ya'ya na tsalle bisa turmi. Wata Bafillata maƙwabciyar Inna, da ta shigo da ƙwaryar nono ta tsaya kallon rigima, ta ce, "Ai ni na gaji da tambayar ta abin da take ba su. Ta ce wai ba komi. Rowa dai!"

Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta.

Na ce, "Inna, maganin na bisa bayan gishirin. Kina wanke shi. Wata da watanni awaki ka shan maganin, ita tana cin hwanko."

Inna ta ce, "To sai mi? In zuba abin da hannun kowa ya taɓa cikin tukunyata? Daga Ikko har nan, kin san inda anka aje shi? Kin san wa ya taka? Ban yi ba ina yarinya, ba ni yi da hurhura."

"Ki bari don Allah."

"Ba ni bari. Kuma wuyan ga da kike ta kallo, mi ag gare shi? Nawa ya hana ni haihuwarki? Ya hana ni shayar da ke? Kin yi boko kwana biyu, yau gidanku ya zama cuta."

Nan ne na yi abin da ba a yi. Gaban Inna, gaban baƙuwa, gaban yarinyar, na ce, "Ni na haihe ta. Ɗiyata ce. In an ƙara wanke gishirin ga, ko wanzami ya taka gidan ga, da ita zan koma Jega."

Bafillatar ta ɗauki ƙwaryarta ta sulale. Yarinyar ta tsaya da kasko a hannu, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta ruga ɗaki. Karɓe ɗiyar riƙo daga hannun uwarka ba ƙaramin abu ba ne. Ana yin sa, amma ba a komawa daidai. Na sani, Inna ta sani.

Ba ta ce mini marar kunya ba, ko da yake na jira. Ta sa hannu ta shafa maƙoƙonta, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na zauna bisa turmi, na tashi, na zaga bayan gida, na dawo. Na yi azahar ban san abin da na karanta ba. Na shirya maganar ban haƙuri na rushe, na shirya ta tafiya na rushe. Ba wanda ya ba ni ruwa.

Da la'asar Inna ta fito ɗora miya. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauko ƙunshin gishirin ta zauna daidai inda zan gani. Ta ɗeba a ƙwarya. Ta zuba ruwa, ɗan kaɗan. Ta juya. Zuciyata ta ce shi ke nan, tashi ki ɗaura wa yarinya kaya. Sai na ga ta jawo farin ƙyallen da take tace koko, ta shimfiɗa bisa bakin tukunyar miya, ta juye ruwan wankin duka a ciki. Ta jira ya tsiyaye. Ta ɗaga ƙyallen ta duba, ta nuna mini wani ɗan baƙin tsinke da zaren buhu da suka maƙale.

Ta ce, "Kin gani? Wanga za ki ba ɗiyar taki." Ta yarfar. "Ƙazanta dai ba ta shiga tukunyata. Shuninku kuwa ga shi nan ciki, ku sha."

Awaki suka ga ƙwarya ta wuce ba a nufo su ba, suka ɗau kuka. Inna ta juya ta ce musu, "Ku yi ta yi. In kun ji zahi ku tai Birnin Kabi ku kai ƙara, an ce an yi sabuwar gwamnati."

Na ce a hankali, "Wanzami hwa?"

Ta ce, "Sai mun gani."

Ba mu gani ba, don bai zo ba. Kumburin ya tsaya inda yake, daga baya ya riƙa ja da baya a hankali, a hankali ƙwarai, har na gaji da aunawa da ido. Bai tafi duka ba. Har yau in ta yi dariya ta ɗaga kai, ni ina ganin wurin, ko da yake mijinta ya ce shi bai taɓa lura ba. 'Ya'yanta wuyansu sumul. Har yau Yaya take ce mini, ni kuma ban sake cewa ɗiyata a gabanta ba. Sau ɗaya ne, kuma ta ji.

Awakin ma ban bar su haka ba. Na riƙa haɗawa da ƙunshi na biyu, nasu.

Inna da maƙoƙonta ta koma ga Allah. Shekarar da za ta rasu na je jinya, ina gyara mata matashi don numfashi ya daidaita, sai ta kama hannuna ta ɗora bisa kumburin. Ban sake taɓa shi ba tun ina goye. Ya fi yadda na zata tauri. Ta ce, "Ashe da ɗan abin nan kaɗai..." Ba ta ƙarasa ba. Ta saki hannuna ta ce in duba ko an rufe ƙoƙon gishiri, kada ƙuda su hau.